Taken Sarkin Noma a Silima

Ni ke riƙe da makullin magaza, wato ɗakin ajiyar gujiya na ƙungiyar manoma ta koperatib a Gangara, shekarun da suka biyo bayan babban fari. Ƙanena makaɗin gangar noma ne, kamar babanmu. Zan faɗi abin yadda ya jeru, don an sha faɗinsa a birkice.

Da farko a san ƙa'ida. Take ba na makaɗi ba ne, na wanda aka yi wa ne. Babanmu ya ƙirƙiri taken gidan sarkin noma, kuma ba a taɓa kaɗa shi ga wani ba. Amana ce a hannun ƙanena.

Da damina wasu samari suka zo daga Yamai, za su yi ɗan gajeren silima kan noman hatsi. Suka ɗauki gayyar gonar sarkin noma, suka ɗauki kiɗan ƙanena a rakoda. Babbansu ya tambaye shi ko ya yarda a sa kiɗan, ya ce ya yarda. Daga nan suka wuce Falanko, suka ɗauki wasu manoman.

Bayan kaka suka dawo nuna mana. Rana tsaka ce, sai na buɗe musu magaza, muka toshe tagogi da buhuna, aka ta da injin wuta. Sarkin noma ya zauna gaba a kan tabarma, 'ya'yansa a bayansa.

Aka fara lafiya. Can sai taken ya tashi. Amma wanda ke jikin bango yana tura hauya ba sarkin noma ba ne. Wani mutumin Falanko ne, wanda ya daɗe yana cewa ya fi sarkin noma iya noma. Ga shi yana dariya, ga taken gidan wani yana bin ƙafarsa.

Sarkin noma ya miƙe, inuwarsa ta rufe hoton.

"Makaɗi, yaushe ka sayar da ni?"

"Baba, a gonarka na kaɗa. Kana tsaye."

"To waccan gonata ce? Wancan baƙin bunsurun ni ne?"

Babban samarin ya sa baki. "Baba, mu muka haɗa. Kiɗan ya fi daɗi a nan ne kawai. Ai mai shi ya ba mu izini."

Sarkin noma ya juya gare shi. "Malam, wa ya ce maka shi ne mai shi?"

Maganar izinin ce ta kashe ƙanena. Babban ɗan sarkin noma ya zare sandar da nake tokare ƙofa da ita. Bugun farko ya samu injin silima, wuri ya yi duhu. Na ji mutane suna taka juna, na ji ƙanena yana kiran "Yaya". Kafin in laluba ƙofa in buɗe, wani ya fasa mini baki da gwiwar hannu, haƙorina ya faɗi. Da haske ya shigo sai na ga biyu cikin 'ya'yan sarkin noma sun danne ƙanena a kan sikeli, sun miƙe hannunsa na dama bisa ƙarfen. Babban ya ɗaga sandar ya sauke, ya sake saukewa. Ƙarar kamar ana karya karan dawa. Ƙaraminsu ya soka wa gangar da ƙanena ya zo da ita wuƙa, ya yage fatar har ƙasa. Jini ya ɓata mini buhunan gujiya, sai da na sake musu wasu.

Jandarma suka zo daga Tanut, suka tafi da 'ya'yan, dattawa suka je suka maido su. Samarin Yamai suka kwashe kayansu, ba mu sake ganinsu ba. Mai ɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma yatsun sun warke a murɗe. Ba su sake riƙe gular kiɗa ba. Ƙanena ya koma jan ruwa da jaki.

Da sarkin noma ya rasu, aka tashi naɗa babban ɗan nan. Naɗi kuwa ba ya cika sai an kaɗa taken gida. Ya zo zaurenmu da goro, ya tsuguna.

"Baba makaɗi, a yi haƙuri. Ko koya wa wani ka yi."

Ƙanena ya fito da hannun daga cikin riga, ya ɗora a kan goron.

"Da wannan ake koyarwa. Ku je Yamai, yana can cikin silima."

Aka yi naɗin da ganga ta aro daga wani gari, aka kaɗa masa kiɗan da ake yi wa kowa.