Ranar da Doguwa Ta Je Majalisa

Shekara goma sha ɗaya shagon ɗinkina yana jikin gidan da Doguwa take zaune, don haka abin da zan faɗa ba labari aka ba ni ba. Gidan mata masu zaman kansu ne, ɗaki tara, famfo ɗaya, Doguwa ce babbarsu. Ta shiga harkar bayan mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya biyu. Ta kai wa yayarta riƙonsu, ta ce mata aikin otal take yi. Mace ce mai faɗa, amma duk wadda zazzaɓi ya kayar a gidan, ita ke dama mata kunu.

Wata Talata da hantsi ina kan keken ɗinki na ji ihu. Wani mutum ya fito daga ɗakin Auta, ƙaramar cikinsu, yana gyara agogonsa, ya shiga mota hankali kwance. Muka tarar da ita a ƙasa, ido ya kumbura, hannu yana lilo. Laifinta kawai ta ce sai ya sa kwaroron roba.

Doguwa ta rubuta lambar motar a bayan littafin awona, muka kai Auta caji ofis. Ɗan sandan da ke zaune a kanta bai ko kalli lambar ba.

"Me ya kai shi ɗakinta?"

"Yallaɓai, hannun za ka duba," in ji Doguwa.

"Na gani. Amma in na buɗe fayil, dole in rubuta sana'arta, kuma doka ta haramta ta. Ita zan fara tsarewa. Kin yarda?"

Auta ta ja gefen mayafin Doguwa ta ce, "Anti, don Allah mu tafi."

A asibiti aka ce sai da takardar 'yan sanda. Ƙarshe mai ɗori ne ya ɗaure hannun, ya warke a karkace.

Bayan wata huɗu wata lauya ta zo gidan. Ta ce akwai ƙudurin doka a majalisa: duk macen da ta kai ƙarar duka ko fyaɗe, ba za a kama ta saboda sana'arta ba. Ana neman wadda za ta yi magana a gaban kwamiti. Duk suka sunkuyar da kai, kowa na tsoron danginta su gan ta a talabijin. Doguwa ma tana tsoro, amma ta kawo mini yadi ta ce in ɗinka mata riga mai mutunci.

Ni na riƙa raka ta. Zuwan farko, shugaban kwamiti ya yi tafiya. Na biyu, 'yan majalisar ba su cika ba. Sai a na uku aka ba ta minti uku. Tana cikin labarin Auta shugaban ya katse ta.

"Baiwar Allah, me ya hana ki nemi sana'ar kirki?"

"Ranka ya daɗe, wannan tsakanina da Ubangijina ne. Ni tambayata ɗaya ce. Hannun da aka karya, na mutum ne ko ba na mutum ba ne?"

Na kusa da shugaban yana danna waya. Aka ce lokacinta ya cika, aka miƙa ƙudurin ga ƙaramin kwamiti don ƙarin nazari.

Yayarta ta gan ta a labarai. Tun ranar ba ta sake ɗaukar wayarta ba, kuma ta hana yaran zuwa. Auta ta tattara kayanta ta koma wata unguwa. Doguwa ta sayo usur takwas ta riƙe ɗaya, ta raba wa sauran, ta ce duk wadda ta ji wuya ta busa, su fito da muciya.

Shekara biyu ke nan. Watan jiya lauyar ta bugo waya, wai an sa ranar sabon zama.

"Ki ce musu ina da wanki," in ji Doguwa, ta kashe wayar.

Amma da ranar ta zo, ta tafi tun da safe. An sake ɗagawa.