Na Je Gidimuni Korar Bakano

Ana sallame sallar asuba muka bar tashar Damagaram, ni a kujerar baya ta wata tsohuwar mota Hiyas, gwiwata a matse jikin buhun masara. Tun da mai ɗakina ta rasu ban taka ko Miriya ba. Abin da ya fitar da ni kuwa ba ciniki ba ne, ba ta'aziyya ba. Tsiya na ƙulla zan kai wa Sule.

Sule Bakano ne. Yana saurayi ya shigo ƙasar nan tallar yadi, ya ga ruwan Gidimuni, ya ajiye yadin ya kama lambu. Tsakanin Badamagare da Bakano kowa ya san wasa ne. Ni in ce masa bawana, shi ya ce kakannina sun je Kano yaƙi sun dawo ba takalmi. Cikin waɗanda muka yi ƙuruciya tare shi kaɗai ya rage da zai dubi idona ya ce ƙarya nake. Saura suna maƙabarta, yaran yanzu kuma komai na faɗa sai "to, Baba". Da rediyo ta yi ta faɗin ƙasarmu ta fita daga ƙungiyar nan ta ƙasashen Afirka ta Yamma, tasu kuwa tana ciki, sai na ce madalla. Zan tsaya bakin lambunsa in ce mun sake su, ya kwashe komatsansa.

Kuɗin mota ya hau. Na yi wa kamasho ƙorafi, ya ce in je in yi wa mai sayar da esansi, wato fetur. A Miriya mata suka rufe tagogi da rake da ƙuli-ƙuli da dafaffen rogo. Rogon na saya, don da shi kaɗai ragowar haƙorana ke shiri.

Kusa da ni wani mushe ne, malamin boko mai ritaya, da tabarau. Ni makarantar lakwal ranar da aka fara yi mini bulala na gama ta, don haka na tambaye shi yadda ƙasa sukutum take fita daga ƙungiya, tunda ba ƙafa gare ta ba. Ya ce ba da baki kawai ake yi ba. Rubutawa ake a sanar da su, a jira shekara, in ba a janye ba fita ta tabbata. Sannan a zauna kan ma'aikata da ofisoshi da yadda mutane da kaya za su riƙa wucewa. Na ce ashe saki ne da idda da rabon kwanuka. Bai yi dariya ba, amma wata tsohuwa a gaba ta yi mini, na ji daɗi. A shingen jandarma aka karɓi kartidantitena, wato katin shaida, yaron da ya karɓa ya dubi baƙin gemun da ke hoto, ya dubi nawa, ya miƙo mini da hannu biyu kamar mai yi mini jaje.

Da hantsi muka sauka. Gidimuni tana nan yadda na san ta: ruwa shimfiɗe a ƙasan tudun yashi, dabino tsaitsaye, lambuna kore shar, injinan ban ruwa suna ta tari. Na bi rairayi ina maimaita maganata, har da yadda zan ɗaga sanda.

Wani na tarar yana ba albasar Sule ruwa, maƙwabcinsa ne. Ya ce ai Sule ya tafi tun kafin damina. Ba wanda ya kore shi, mai gari da kansa ya roƙe shi ya zauna. Sai dai lokacin da aka rufe iyaka kwanakin baya Sule ya yi jinya, ƴaƴansa na Kano ba su samu isowa ba sai ta daji a kan babur. Da suka ji batun fita ba su tsaya jin bayanin kowane mushe ba, suka zo da mota. Ya ce sai da Sule ya sa aka tsaya da shi a kabarin matarsa.

Na zauna kan bakin kwari, sandar ta zame ta faɗi. Mutumin ya tausaya mini, ya kira lambar babban ɗan Sule, aka kai wa Sule wayar.

"Bawana," na ce, "wa ya ba ka izinin guduwa?"

Can ya ce, "Malam Abba, kai ne? Ka sha hanya. Allah ya saka da alheri."

Malam. Tun da muke bai taɓa ce mini haka ba, Ɗan Tsiya yake kirana. Na sake gwadawa, na ce dama Bakano ko ƙurar kare ya gani sai ya ruga. Ya ce haka ne. Ya tambaye ni ko ruwan ya ja baya bana, ko dabinon gabas ya yi ƴaƴa. Sai ɗan ya karɓa, ya ce in yi haƙuri, Baba bai cika magana ba yanzu, wuni yake a ƙofar gida yana kallon titi, ba wanda ya sani a unguwar.

Na ci soyayyen kifi a bakin kwalta ni kaɗai, na ba wata kyanwa kan. Motar dawowa ba mushe, ba tsohuwa, ba wanda na tsokana. Ana kiran magariba na buɗe ɗakina.

Abin da na koyo ba shi da yawa. Ƙasa in za ta fita tana sanarwa, a ba ta lokaci, manya su zauna kan tebur. Tsoho kuwa ana ɗaukarsa ne da safiya guda, ko na kusa da shi ba ya ji.

Na tambaya a tasha, motar Kano tana tashi kullum, hanya a buɗe take. Na ciro wata jar hula da ɓera ya ci gefenta, wadda mai ɗakina ta hana ni fita da ita tun tana raye. Ita zan sa in tsaya a gabansa. In ya ga wannan hula a kaina ya kuma ce mini Malam, to lallai na rasa shi.