Ƙudajen Hajja Tabawa

A Jarwal na girma, a gidan da yanzu otal ya hau kansa. Sanyin Makka ba ya wuce 'yan makonni, amma kakata Hajja Tabawa takan karɓe shi kamar babban baƙo: ta hura gawayi a kasko a saman bene, ta ɗora shayi, mu jikoki mu kewaye ta bayan isha'i. A kwanakin ne wasu mitsi-mitsin ƙudaje ke fitowa, ba su da aiki sai faɗawa cikin kofi.

Hajja ta hana a kashe su. "A Harami muke, ya walad," in ji ta, wato kai yaro. "Ko ciyawa ba a tsinkewa, balle mai fiffike." Sai ta sa mu kama su da rariyar shayi, mu zuba a kwalbar zuma. Da safe Kawu Bala, da ke jan bas zuwa Jidda, ya tafi da su ya sake a bayan iyakar Harami. Ni aka naɗa mai tsaron kwalba, ina ta hura hanci.

Ran nan ta ba mu tatsuniyar wani mai dabino da ya make ƙuda ɗaya da mafici. Dangin mamaci suka kai ƙara. Alƙali ya ce tunda ya raba su da ɗan'uwansu, sai ya ba su masauki a hancinsa. Tun daga ranar bai daina atishawa ba, har ciniki ya gagare shi.

Ana dariya na duba kwalbata. Ashe na murɗe murfin tam, na kuma ajiye ta a gindin kasko. Babu mai motsi. Kafin in ɓoye ta, atishawa ta kufce mini, wata ta biyo. Tsoro ya kama ni, na fashe da kuka ina cewa sun shiga hancina.

Kawu Bala ya ji tausayina. "Halas, ya isa, share hawayenka. Ni da nake juye su a bayan gidan nan kullum, me ya same ni? Wa zai tsayar da bas cike da mutane don ƙuda?"

Hajja ta daɗe tana kallonsa. "Shi ya sa," ta ce. "Na ce fuskokin ƙudajen nan na san su." Ni kuma ta ba ni citta, ta ce mura ce, alƙali ba ya kama wanda bai yi da gangan ba.

Da na girma na tambayi malamai, suka ce babu komai a kan mai kashe su. Na yarda, amma har yau hannuna ba ya iyawa. Hajja da ƙafa ta zo garin nan tana yarinya, ba ta san kowa ba, aka bar ta ta zauna. Ina jin shi ya sa ba ta taɓa ganin tana da hurumin make wani baƙo ba.