Murabba'in da Aka Ce Babu Kowa

Dogon hutun da na gama aji biyu na sakandare, a ofishin Umma na yi shi. Baba yana aiki a wani gari, ƙawayena duk sun yi tafiya, gidanmu na Durumi kuma babu mai zama da ni. Akwai wata kujerar roba a bayan ƙofar ofishin, an ɗaure ƙafarta ɗaya da waya. Nan ne wurina.

Umma injiniyar ruwa ce. Aikinta a lokacin shi ne ta gano inda ambaliya za ta kai tun kafin ruwan ya zo, don a gargaɗi mutanen wurin. Hoton ƙasa da tauraron ɗan Adam ya ɗauka take yankawa ƙananan murabba'ai kamar na littafin lissafi, kowanne da lambobinsa: tudu ne ko kwari, ciyawa ce ko dutse, akwai mutane ko babu. Sai ta zuba ruwan sama na ƙarya, kwamfuta ta yi ta lissafa yadda zai gangara daga wannan murabba'i zuwa maƙwabcinsa. Lissafi ɗaya kan ci kwana biyu. Injin na huci, Umma na kallon gilashin kwamfutar, ni ina kallon ƙeyarta. A yini ba ta wuce "Kin ci abinci?" Doka ɗaya ta ba ni: kada in taɓa gilashin.

Wata Talata ta buɗe yankin Paikon Kore. Daga kujerata na hango rafi, da wani dutse mai kama da saniya a kwance, da bishiyar ɗorawa guda biyu. Na san wurin. Rugar Inna ce, tsohuwar da ke kawo mana fura da nono bakin ƙofar ofis. Bara da damina mun je barkar jikarta, a gindin ɗorawar nan aka shimfiɗa mana tabarma.

A kwamfuta murabba'in ya yi shuɗi mai duhu, alamar ruwa mai zurfi. Amma ba ya cikin jerin wuraren da za a gargaɗa, domin lambarsa ta ce babu kowa. A hoton ma babu bukka ko ɗaya. Sai dai da na ƙura ido na ga wasu da'irori masu haske a ƙasa, shatin inda bukkoki suka tsaya, da wata babba mai duhu inda shanu suke kwana. Ciyawar hoton duk ta bushe. Da rani aka ɗauke shi, lokacin da su Inna kan kora shanu wajen Abaji. Yanzu damina ce, sun dawo.

Na yi ta shirya maganar a raina, tana zuwa maƙogwaro sai ta koma. Wa ya tambaye ni? Idan kuma wani dutsen ne daban?

Laraba shugaban sashen ya leƙo. "Madam, jerin nan fa Juma'a za a miƙa." Ya juyo ya gan ni. "'Yar madam, ke kullum shiru kamar tsohon fayil? Ko haya ake biya kafin a ji muryarki?" Aka yi dariya. Na sunkuyar da kai ina kallon wayar kujera.

Alhamis da hantsi Umma ta aike ni karɓo fura. Ƙafafun Inna duk taɓo har ƙauri.

"'Yar boko, gaisuwar ma sai an roƙa?" in ji ta. "Jiya rafinmu ya ci min takalmi ɗaya. Ki ce wa uwarki ta biya ni, tunda ita ce sarauniyar ruwa."

Na hau bene riƙe da kwanon. Na ajiye shi. Maganar ta sake ƙin fitowa, sai kawai na miƙa yatsa na ɗora a kan gilashin, daidai murabba'in.

"Auta! Me na ce miki?"

"Umma, gidan su Inna ne."

Ta ƙara girman hoton, na nuna mata da'irorin ɗaya bayan ɗaya. Ta duba watan da aka ɗauke shi, ta cire tabarau ta ce, "Innalillahi." Sannan ta dube ni sosai, irin duban da na daɗe ban samu ba. "Akwai irinsu nawa ke nan?"

Ta sa rugar a jerin nan take. Ta kira oga ta ce a ƙara mata mako guda, za ta nemo hotunan damina ta bi duk murabba'an da aka ce babu kowa. Ya yi ta faɗa, ta ce to.

Makon nan ya fi na baya shiru. Ko "Kin ci abinci?" ɗin ma wani lokaci takan manta. Na koma kujerata. Amma daga nan, idan hasken taga ya faɗo, ina ganin shatin yatsana a gilashin, da ɗan maiƙon nono. Umma takan goge gilashin kwamfutarta kowace safiya da gefen mayafi. Wannan kusurwar sai ta zagaye ta.