Ranar da Aka Gyara Tafkin Tsuntsaye

A shekarun da rikici ya yi tsanani, lokacin da mutanen Mubi da Michika suka cika gidajen 'yan'uwa a Jimeta, ina aiki a wani ofishi mai kula da yawon buɗe ido. Yawon buɗe ido fa, alhali kowa wurin ɓuya yake nema! Aikinmu mu sa hannu da safe, mu yi ta korar ƙuda, mu sa hannu da yamma.

Ni ce mai karambanin da ta kasa zama. Akwai wani tafki a bayan Mbamba, zagaye da itatuwan giyayya, inda balbela da zalɓe da shamuwa ke yin sheƙa duk damina. Wani tsohon masunci ne ke kula da shi, kowa Bappa yake ce masa. Dokar wurin ta girme shi: daga ruwan farko har 'ya'yan tsuntsaye su tashi, ba a sare ko reshe, ba a jefa koma a ƙarƙashin itatuwan. Ya ce kashin tsuntsayen ne ke ƙiwata kifin.

Na rubuta takarda cewa a ba mutanen wurin ikon tafkin a rubuce, a riƙa kawo ɗalibai da baƙi suna kallo daga kwalekwale. Bappa bai so ba. Da Hausarsa ta Yola, wadda kowa namiji ne a cikinta, ya ce, "Hajiya, ka bar shi haka. Gwamnati in ya ga abu, sai ya taɓa." Na rantse masa ko ganye ba za a tsinka ba, sannan ya yarda.

Takardar ta yi ta kwana a kan tebura. Duk sabon shugaban da aka kawo sai ya ce wannan tsarin na wanda ya gabace shi ne. Da zaɓe ya matso, kwatsam aka ce wani babba zai zo ya ƙaddamar da wurin. Don murna har ɗinki na yi.

Ana jibi taro na je duba wuri da safe. Tun daga titi na ji kukan injin yankan itace, na ce a raina wani ne ke gyara gonarsa. Da na ƙarasa, sai na ga ashe a tafkin ne. Giyayyun duk suna kwance. Sama ta yi fari fat da tsuntsaye suna zagaye suna kuka, ƙasa kuwa ƙwai ne a farfashe da 'ya'yan da ko gashi ba su yi ba. Wasu mutum biyu na bin kututturen suna shafa musu farar ƙasa, kamar yadda ake yi wa duwatsun bakin titi in babba zai zo.

Na yi kan shugaban leburorin ina ihu. Ya dube ni da mamaki. "Madam, oda ne daga sama. Masu tsaro sun ce duhuwar ya yi yawa, mutum zai iya ɓuya da bindiga. Kuma wannan wari, Oga ne zai zauna ciki?" Wallahi yabo yake jira.

Bappa na durƙushe yana tsintar 'ya'yan tsuntsaye yana zubawa a gaban rigarsa. Ko kallona bai yi ba. Da ya zage ni, da na ji sauƙi.

Aka yi taro, aka yanke kyalle, aka kafa allo mai hoton zalɓe.

Sai bayan na yi ritaya aka sa wa takardar hannu. Bara na kai wa Bappa ita da kaina, ya karɓa da hannu biyu, ya sa aka kawo mini ruwa. Tafkin ya zama wurin wankin babura. Na tambaye shi ko ya san inda tsuntsayen suka koma.

"Na sani," in ji shi. "Yana nan lafiya, ya yi yawa ma."

Na ce, "A ina, Bappa?"

Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce, "Ka sha ruwa, Hajiya. Rana ya yi zafi."