Khalli, Ba Kalli Ba

Mahaifiyata gumaka take ce musu, mahaifina kuma 'yan tsana, ni kuwa duk wanda ya faɗi ɗaya daga cikin biyun sai na kumbura na ƙi cin abinci. Jarumai ne, malam, jaruman fina-finan da muke kallo a kaset ɗin bidiyo, masu tashi sama da masu ɗaga mota da hannu ɗaya, an ƙera su da roba, tsawon kowanne bai wuce tafin hannu ba. Ina da shekara goma sha uku lokacin, muna zaune a Al-Badi'a a Riyadh, kuma ina da su goma sha tara a jere a kan kantar ɗakina.

Tara su kowa ma ya iya. Abin da nake taƙama da shi gane su. A makarantarmu ni ne alƙali. Yaro zai zaro nasa daga aljihun jallabiya ya miƙo mini, in juya shi in duba hatimin da ke ƙarƙashin ƙafa, in lanƙwasa gwiwa in ji ko tana riƙewa, in kai shi hanci, don robar jabu tana da wani wari kamar na sabon silifas. Daga ƙarshe in duba fentin ido. Na asali idonsa a tsakiya yake tsaf, na jabu kuwa ɗaya na kallon gabas ɗaya na kallon yamma. Sai in yanke hukunci da kalma ɗaya, asli ko taƙlid, wato na asali ko jabu. Na sa yara da yawa kuka, kuma wallahi daɗi nake ji.

Baba ma'aikaci ne a ofishin jakadancinmu, aikinsa duk da Turanci da Hausa yake yi. Larabcinsa na salla ne da na cefane. Ni kuma tun ina shekara huɗu nake makarantar Larabawa, da Larabci nake faɗa, da shi nake mafarki. Hausata ta gaisuwa ce da "to" da "na ƙoshi". Wannan abu yana ci wa Baba tuwo a ƙwarya. Kullum sai ya ce, "Kai ɗan nan, yi mini Hausa mana, ko ta zagi ce." In yi dariya in wuce ɗaki. Gida ɗaya muke, amma hirarmu ba ta kai jimla uku.

A shekarar ne na samu wanda ya fi duka. Wani ɗan ajinmu kawunsa ya zo masa da shi daga waje, jarumi mai koriyar alkyabba da azurfa a ƙirji, yana cikin kwalinsa ba a taɓa buɗewa ba. Biyar daga cikin nawa na ba shi kafin ya yarda. A wajen masu tarawa, darajar abin duk a rufewar take, ranar da aka ɓare kwalin ya zama abin wasan yara. Ban taɓa nuna wa Baba ko ɗaya ba, amma ran nan murna ta ishe ni. Ranar Alhamis ce bayan la'asar, yana falo yana shan shayi, na kai masa na ɗora a cinyarsa.

Ya aje kofi, ya gyara tabarau. Ya ɗaga kwalin sama, ya karkata shi, hasken taga na haska robar da ta rufe fuskar. Ya ce, "Ba na ganinsa da kyau." Sai na ga farcensa ya shiga gefen kwalin.

Na ce, "Baba, khalli! Khalli!"

Da Larabcin Riyadh, bar shi ke nan, kar ka taɓa. Baba ya san kalmar sarai, yana faɗa wa masu kanti. Amma mutumin da ya shekara tara yana roƙon ɗansa Hausa, abin da kunnensa ke jira shi ya ji. Fuskarsa ta washe. Ya juya wajen kicin ya ɗaga murya, "Kin ji ɗanki! Wai kalli! Ai kallon zan yi, ɗan albarka." Ya ja kwalin, ƙeeet, ya zaro jarumin ya ɗaga shi yana dariya.

Abin da na faɗa masa ba zan maimaita ba. Da Larabci na zazzaga shi, da sauri, irin na 'yan unguwa, kuma na sani bai tsinci rabinsa ba. Sai dai zagi ba ya buƙatar tafinta. Dariyar ta tsaya a fuskarsa ba ta san inda za ta ba. Mama ta fito da ludayi a hannu za ta kai mini, ya ɗaga mata hannu. Ya yi ta ƙoƙarin mayar da jarumin cikin kwali yana danne gefen da yatsa, kamar zai koma ya manne. Na fizge na shige ɗaki.

Alhamis ta zagayo ya dawo gida da leda. Ashe unguwar Al-Murabba ya je, kanti kanti, da yagaggen kwalin a hannu yana nuna wa masu shago. Ya miƙo mini. Jarumin ne, a rufe, koriyar alkyabba da komai. Kallo ɗaya na yi wa idon na ce, "Taƙlid." Na aje a kan tebur na bar shi nan. Bayan sati biyu ya kawo wani. Wannan ko juya shi ban yi ba, bugun rubutun kwalin kaɗai ya tona shi.

Na ukun shi ne wanda ba na son tunawa. Ya ƙwanƙwasa ƙofata, shi da gidansa, ya zauna a bakin gado. Ya ce, "Wannan mai shagon ya rantse mini." Na duba na ce taƙlid ne. Sai ya ce a hankali, yana zaɓen kalmomi masu sauƙi don in gane, "To koya mini mana. Ina ake dubawa?" Ga ƙofa ya buɗe mini har bango, ni kuma ɗan banzan girman kai ya hana ni shiga. Na ɗaga kafaɗa na ce, "Ba za ka iya ba." Da Hausa na faɗa, tsaf, ba gargada. Ita ce cikakkiyar jimla ta farko da na taɓa yi masa da harshensa.

Ya ce, "Haka ne." Ya tashi ya ja mini ƙofa.

Daga nan bai sake kawowa ba. Na ɗauka ya haƙura, har na ji wani sanyi-sanyi na cin nasara. Kullum da safe yana kai ni makaranta a tsohuwar motarsa, ni a gidan baya, shi yana sauraren rediyo. Ina ta cewa a raina gobe zan yi masa magana. Fushin ma ya daɗe da tafiya, kunya ce ta rage, ita kuma na rasa da wane harshe zan fito da ita.

Wata huɗu bayan haka ya faɗi a wajen aiki da hantsi, hawan jini. Kafin a zo a ɗauke ni daga makaranta ya cika. A Riyadh aka binne shi.

Ran uku wani dattijo mutumin Maraɗi, direba ne a ofishinsu kuma abokin hirar Baba, ya kawo motar gida. Ya kira ni waje ya buɗe but. A bayan tayar safaya akwai babbar leda, ya ce, "Naka ne." Guda shida ne a ciki, duk jarumin nan, duk a rufe. Ya ce kusan kowace Alhamis tare suke zagayawa, har Dir'iyya sun taɓa zuwa don an ce wani yana da shi. In ya saya sai ya zauna a mota ya yi ta jujjuya shi, daga nan ya ce bai tabbata ba, ya sa a but.

Allah ya yafe mini, a tsaye a wurin, ana karɓar gaisuwa a cikin gida, hannuna ya fara aikinsa. Na farko jabu. Na biyu jabu. Na uku, na huɗu, na biyar. Na ɗauko na shida na kai shi haske. Ido a tsakiya, rubutu garau, kwali ko lanƙwasa babu. Asli ne, har ya fi wanda aka yaga kyau.

Na tambayi dattijon yaushe aka sayi wannan. Ya karɓa ya duba ledar shagon, ya ce, "Wannan ai ya fi wata biyu. Na ce ya kai maka, ya ce a'a, kar ya sake ɓata maka rai."

Na zauna a ƙasa a gefen motar na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba. Wata biyu cur yana kai ni makaranta, ina zaune a gidan baya na juya masa ƙeya ina kallon titi, abin yana cikin but a bayana.