Jan Layi a Kan Sunan Kakanmu

Ni malamar makaranta ce, amma ba na gyara aikin yara da jan biro. Hedimasta ya yi magana har ya gaji ya ƙyale ni. Dalilin yana can gidanmu na unguwar Wulari, a farkon shekarun tamanin, lokacin ina da shekara goma sha ɗaya.

Gidan haya ne, ɗaki uku da dogonyaro a tsakar gida. Kaka, uwar Babanmu, daga ƙauyenmu aka ɗauko ta, can kudu wajen duwatsun Biu, kuma ba da son ranta ta zo ba. Ta ƙi risho, ta kafa murhunta a gindin bishiyar. In an gama cin tuwo sai ta watsa ɗanyen ganye a garwashi saboda sauro, mu kuma mu kewaye ta. Kada ku ɗauka irin kakar nan ce mai lallashi. In ka yi hamma ta dungure ka, in ka yi dariya inda ba na dariya ba ta zage ka da yarenmu. Amma ko da kuɗi ba za ka raba mu da bakin wutar nan ba.

“Tatsuniya ta iso,” haka take farawa. “Mai surutu ya tashi ya ba ni wuri.”

Akwai wadda take yawan maimaitawa, mu kuma ta ishe mu don ba ta da ƙarshe. Wai a shekarar da fara ta cinye gonaki, wata mata ta tsinci ƙwai a bakin hanya, uwarsa a mace kusa da shi. Ta kai gida ta cusa a ƙarƙashin kazarta. Da aka ƙyanƙyashe, sai ga ɗan zabo a cikin 'yan tsaki. Ya tashi tare da su, akurkinsu ɗaya. Zabo kuwa ya fi kaza ido, ya fi ta baki, shi ke fara ihu in shaho ya taso. Ranar shaho zakaru su ce, “Ɗan'uwa, hau katanga ka duba mana.” Ranar da aka watsa tsaba kuma su ce, “Wannan mai zanen, ɗan wane gida ne?”

“Sai me, Kaka?” Kullum ni ke tambaya.

“Sai ku kwashe ƙafafunku, Ladi. Wutata ta mutu.”

A wannan shekarar ce Malam Yohanna ya shigo mana. Tsohon hedimasta ne, yana yawo a keke da wani ƙaton littafi mai baƙin bango ɗaure a baya. Sunan gidanmu Walamdu, shi ma haka, kuma ya ɗora wa kansa aikin nemo duk mai wannan suna a duniya. Ya bi unguwar Gomari gida-gida, ya aika wasiƙu Jos da Kaduna, ya tone rajistar baftisma ta coci-coci. Daga nan ya kafa ƙungiyar zuri'a, ana taro Lahadin farko ta kowane wata, aka naɗa Baba sakatare. Wai! Baba ƙaramin akawu ne, a ofis yana zaune cikin mutanen da ke iya jero maka kakanninsu har ka yi gyangyaɗi. Yau ga shi da nasa guda bakwai a takarda. Har tafiyarsa sai da ta canja.

Maza kaɗai ake rubutawa a littafin. Na taɓa leƙawa na ce, “Malam, ina sunana?” Ya yi 'yar dariyar nan tasa ta hanci ya ce, “Mace ai ta gidan wasu ce, 'yata.” Tun ranar na tsane shi, kuma ban tuba ba.

Yayata Saratu tana da saurayi, Ishaku, mai sayar da busasshen kifi a Baga Road. A ƙungiyar mawaƙan coci suka haɗu. Shi ma Walamdu ne, amma daga wani ƙauye mai nisa, iyayenmu ba su taɓa sanin juna ba. An kawo kayan tambaya, an karɓa. Sai Malam Yohanna ya buɗe littafinsa, ya bi layi da yatsa, ya haɗa gidanmu da nasu a kan kaka na bakwai. A al'adarmu kuwa, 'yan zuri'a ɗaya ta wajen uba ba sa aure, kome nisan da ke tsakani. Dattawan coci suka ce ba za a yi sanarwar auren ba. Yaya Saratu ta daina cin abinci, ta rame har zanenta ba ya zama a ƙugunta. Mama ta roƙi Baba, ya ce littafi ya riga ya yi magana.

Wata safiya ina shara na ji Kaka ta tare Baba a bakin ƙofa.

“Akawu, kai za ka faɗa musu, ko ni?”

“Mama, ki bar abin da ya wuce. Kina so a yi mini dariya a garin nan?”

“To, 'yarka fa?”

“Za ta samu wani.”

Ya hau kekensa ya tafi. Ban gane maganar ba, amma na ga yadda Kaka ta bi bayansa da kallo, ta yi tsaki mai tsawo.

Ranar Juma'a da yamma Malam Yohanna ya zo da dattawa biyu, don a sa Yaya ta mayar da kayan Ishaku. Aka ba su tuwo suka ci, aka shimfiɗa musu tabarma. Malam ya ɗora littafin a cinya. Kafin ya buɗe baki Kaka ta watsa ganyenta a wuta.

“Tatsuniya ta iso.”

“Mama, muna da baƙi,” in ji Baba.

“Baƙin ba su da kunne ne?”

Ta kawo ta tiryan-tiryan, fara da ƙwai da shaho da tsaba. Malam yana ta murmushin haƙuri da tsohuwa. Da ta kai inda take tsayawa sai ta juyo ta harare ni.

“Ke, yau bakinki ya mutu?”

Na ce, “Sai me, Kaka?”

“Yauwa. Sai zabon ya girma ya auri 'yar gidan. Ga ta nan zaune tana ba ku labari.” Ta nuna littafin da icen tona wuta. “Malam, wanda ka rubuta a nan, mijina, uban wannan akawun, a bakin hanya uwata ta tsince shi shekarar fara, yana jan zanen gawar uwarsa. Ba wanda ya san garinsu, shi ma bai sani ba. Awakinmu ya yi kiwo shekara goma. Da Turawan mishan suka buɗe makaranta aka ce ya faɗi sunan ubansa, sai ya faɗi na ubana, don wa yake da shi? Ni ce Walamdu a gidan nan. Da jininmu ne shi, ubana zai ba shi ni?”

Ɗaya daga cikin dattawan ya ce, “Sakatare, haka ne?”

Baba ya kafa wa ƙasa ido.

“Ya sani tun yana yawo ba wando,” in ji Kaka. “Ya zaɓi kujerarsa ya bar 'yarsa. Tir da wannan hali, ko da ni na haife shi.”

Abin da Malam Yohanna ya yi shi ne ban yafe ba. Bai ce sannu ba, bai tambayi yadda yaron ya rayu ba. Ya zaro jan biro da rula daga aljihu, ya matso kusa da wuta don ya gani da kyau, ya ja layi a kan sunan kakanmu, ya ja a kan na Baba, ya ja a kan na ƙannena maza biyu da ke zaune suna kallonsa. A nutse ya yi, kamar mai gyaran jarrabawa. Sannan ya ce, “To, babu abin da ya hana auren. Sakatare, gobe ka aiko da hatimin ƙungiya.”

An yi bikin Yaya Saratu bayan girbi. Baba ya halarta da fuska a murtuke. Bai sake zama a bakin murhun nan ba, gaisuwar safe ma daga nesa yake jefa wa uwarsa. Ita kuma ko a jikinta, ko dai haka ta nuna mana. Tatsuniyar zabo ce ba ta ƙara yi ba. Bayan shekara biyu ta rasu. 'Yan ƙungiya, masu zuwa jana'izar kowane Walamdu da motar haya, ko mutum ɗaya bai taka ba. Suka ce gidan ba ya cikin littafi.

Na daɗe ina ɗauka tatsuniyar kan zakaru take, kan mutanen da ke ƙirga ka in suna bukatarka. Suna nan kuwa, ban yi kuskure ba. Bara, bayan ƙanena ya samu babban muƙami a ma'aikatar lafiya, sai ga wasiƙa daga ɗan Malam Yohanna, wanda ya gaji littafin bayan mutuwar ubansa. Wai yana ci gaba da binciken asalin zuri'a, ya ga jan layi a kan gidanmu, yana ganin kuskure ne, in taimaka masa da sunaye a mayar da mu. Na yi dariya har na ƙware.

Na zauna zan ba shi amsar da ta dace da shi. Na ce bari in fara da sunan wadda ta fi su duka gaskiya, sai biro ya tsaya a hannuna. Ban san sunanta ba. Shekara bakwai ina zama a gefen wutarta, ina cin gyaɗar da ta gasa, kullum Kaka, Kaka. Ni da na tsani Malam Yohanna don bai rubuta mata a littafinsa ba, ni ma ban taɓa tambaya ba. Baba ya rasu. Na je wurin Yaya Saratu, wadda 'ya'yanta maza uku suke cikin littafin ta wajen ubansu, ita ma ba ta sani ba. Sai da na shiga mota na je ƙauye, na samu wata tsohuwa makauniya da suka yi ɗiban ruwa tare suna 'yan mata. Ita ta faɗa mini, har tana mamakin tambayar.

Da na dawo na yagi takarda daga littafin darasi, na rubuta wa ɗan Malam Yohanna layi biyu: “Kubili, 'yar Walamdu. Ka sa ta a shafin farko, in kuwa littafinku ba shi da wurinta, ka bar mu a ƙarƙashin jan layinmu.”

Wata goma sha ɗaya ke nan, bai amsa ba.